Na tsaya wa ƙanena bashin mota, yanzu ni banki ke nema

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kano, da aurena da 'ya'ya uku. Bara ƙanena da muke ciki ɗaya ya zo da maganar zai sayi Corolla ya riƙa haya ta manhajar waya. Ya haɗa Naira miliyan 3, wani ƙaramin banki ya cika masa miliyan 6, a kan zai riƙa zuba dubu 350 duk wata har wata 24. Suka ce sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, ɗaya ya zama mai albashi. Hajiyarmu ta sa baki, na je na sa hannu, har na ba su cak biyu babu kwanan wata. Na biyun abokinsa ne mai shago. Maigidana bai san an yi ba.

Ya biya wata 10 lafiya lau, sai ya tsaya. Yau wata uku ke nan bai zuba ko sisi ba, kuma na ji ya ba wani direba motar ya tafi da ita Abuja. Banki kullum ni suke kira, har wani ma'aikacinsu ya ce za su zo wurin aikina da 'yan sanda. Abokin nasa ya kashe waya. Shi kuwa in na kira goma ya ɗauki ɗaya, maganarsa ba ta wuce "Yaya ki ƙara haƙuri." Kwanan nan ya ce in na yarda na ci gaba da biya, zai sa a mayar da takardun motar da sunana. Hajiya cewa take in rufa masa asiri. Albashina gaba ɗaya bai kai kuɗin wata guda ba. Safayar makullin tana ɗakin Hajiya, in aika a ɗauko motar? Zan iya cire sunana daga bashin? Za su iya taɓa albashina ko su kulle ni? Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Wata 'yar'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya kawo miki mafita. Ki rage cin rai a kan me ya sa kika sa hannu tun farko. Ƙaninki ya zo da sana'a ta halal, mahaifiyarku ta roƙe ki, ke ce mai albashi a gidan. Yayye da yawa abin da za su yi ke nan. Abin da ya rage shi ne ki san takamaimai inda kike tsaye, domin tsoron da ke hana ki barci rabinsa na gaske ne, rabinsa kuma barazana ce kawai.

Takardu iri biyu ne a wannan magana, kuma mutane kan cakuɗa su. Akwai takardar bashi, wadda ke da sa hannunki. Akwai kuma takardun mota, wato shaidar mallaka da lasin da inshora da takardar lamba, waɗanda sunan ƙaninki ke kai. Hannun da kika sa ya ɗora miki nauyin kuɗin, amma bai ba ki ko taya ɗaya a motar ba. Na san maganar ba ta da daɗin ji, sai dai duk shawarar da zan ba ki a kanta ta ginu.

A wajen banki, wanda ya tsaya wa wani ba shaida ba ne. Alkawari ya yi cewa in mai bashi ya gaza, shi zai biya. Kotunan Najeriya sun sha yanke hukunci cewa da zarar mai bashi ya saɓa, mai bin bashin yana iya tunkarar wanda ya tsaya kai tsaye, ba lallai sai ya fara kai mai bashin ƙara ko ya sayar da jingina ba, sai fa in yarjejeniyar ce ta gindaya haka. Kasancewarku biyu ma ba yana nufin rabi-rabi ba ne. Yawancin takardun banki suna cewa kowane ɗayanku ana iya binsa duka, shi ya sa suka ƙyale mai shagon da ya kashe waya suka manne wa mai albashi wadda suka san ofishinta. In kin biya fiye da rabonki, doka ta ba ki damar ki bi abokin ya kawo nasa kason, don haka ki tanadi sunansa da adireshin shagonsa tun yanzu.

Wataƙila wani malami ya gaya miki cewa a fikihun Malikiyya ba a cin wanda ya yi lamuni sai in mai bashin ya talauce ko ya ɓace. Haka ne, kuma hujja ce mai ƙarfi da za ki riƙe ranar zaman gida: ƙaninki yana raye, an san inda yake, yana da mota, shi ya kamata a fara tuhuma. Amma shi ma addinin bai ɗauki lamuni da wasa ba, hadisi ya ce mai lamuni mai biya ne. Kuma banki da takardar da kika sa wa hannu zai je kotu.

Shi ya sa aikinki na farko, tun kafin ki sake yin magana da kowa a gida, shi ne ki je bankin da ƙafarki. Kar ki jira kiransu. Ki tafi da wasiƙa kwafi biyu, ki ba su ɗaya, su buga miki hatimi da kwanan wata a ɗayar ki dawo da ita. A ciki ki nemi kwafin duk abin da kika sa wa hannu, da takardar tayin bashin, da cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar farko, da adadin da za a biya a rufe shi yau. A lissafin da kika ba ni, jimillar abin da aka tsara biya miliyan 8 da dubu 400 ne. Ya zuba miliyan 3 da rabi, saura miliyan 4 da dubu 900, kuma a ciki miliyan 1 da dubu 50 ne suka wuce lokaci. Duk abin da suka ɗora a kan wannan, ki ce su nuna miki sakin layin da ya ba su dama. Sau da yawa kuɗin rufewa yau yakan gaza jimillar watannin da suka rage, tunda akwai ruwan da bai kai ga hawa ba.

In takardun sun shigo hannunki, ki kai wa lauya ya karanta miki su a nutse. In kuɗin lauya ya yi nauyi, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, dukansu suna da ofis a Kano. Abin da nake so a duba miki da kyau: shin wannan bashin kaɗai kika tsaya wa, da iyakar adadi a rubuce, ko kuwa an sa cewa kin ɗauki duk wani bashi da zai ci a bankin nan gaba? Irin na biyun yana nan da yawa, a ƙananan haruffan da ba wanda ke karantawa ranar murnar sayen mota. In haka ne, ki rubuta musu yanzu cewa ba ki tsaya wa wani sabon bashi ba, kuma duk sauyin da za a yi wa wannan sai da sa hannunki. A ƙa'ida, in banki ya canza sharuɗɗa da mai bashi ba da yardar wanda ya tsaya ba, hakan na iya sauke masa nauyi, amma bankuna sun daɗe da sanin wannan, sukan toshe ƙofar tun a cikin takarda.

A duba kuma ko yarjejeniyar bashi ce da jinginar mota, ko kuwa haya-fachas ce irin wadda 'yan adaidaita suka sani. In ta biyun ce, dokarta ta 1965 ta ce in an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba zai ƙwace ta da hannunsa ya mayar tasa ba sai ta hanyar kotu, ko da yake tana ba shi damar killace ta a ajiye in biya uku suka taru. Ƙaninki ya biya miliyan 6 da rabi cikin miliyan 11 da dubu 400 in an haɗa da kafin alƙalami, ƙiris ya rage ya kai wannan gaɓar. Lauya zai gaya miki ko dokar ta shafe ku.

Maganar 'yan sanda kuwa, ki kwantar da hankalinki. Bashi ba laifi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar kuɗi tsakanin mutane, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Ma'aikacin da ya ce zai zo asibiti ya tozarta ki, ki rubuta sunansa da ranar da ya kira, ki kai ƙorafi a rubuce ga shugaban reshen. In ba su tsawatar ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa, kuma ƙananan bankuna ma a ƙarƙashinsa suke. Albashinki ma ba haka kawai za a shiga a kwasa ba. In a bankin nan yake sauka, to da wuya a ce takardar ba ta ba su ikon cira daga asusunki ba. In a wani banki ne, sai dai da izinin cira da kika sa wa hannu, ko da umarnin kotu bayan an yi shari'a. Tun Agustan 2020 akwai tsarin da ke ba bankuna damar bin lambar BVN su ciri bashi daga asusun mutum a wasu bankunan, amma shi ma a kan takardar izini yake tafiya, don haka ki duba ko tana cikin waɗanda aka tura miki gaba ranar nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne cak ɗin nan biyu. Akwai doka tun 1977 da ta mayar da bayar da cak ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi, hukuncinta ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Ban ce da an kai cak ɗinki ya dawo shi ke nan an same ki da laifi ba, akwai abubuwan da sai an tabbatar a kotu. Amma ita ce ƙofa ɗaya da rigimar kuɗi za ta iya rikiɗewa ta koma ta ofishin 'yan sanda. Ki fara gaya wa lauya wannan kafin komai, kuma a tattaunawarku da banki ki nemi su rubuta cewa ba za su cike cak ɗin su gabatar ba muddin ana kan sulhu.

Safayar makulli ki bar ta inda take. Ki yi tunanin yaron da za ki aika ya isa Abuja, ya tarar da motar a bakin wani masallaci, ya buɗe ya tayar. Direban ya fito ya kurma ihun ɓarawo. Takardun da ke cikin motar babu sunanki, babu na ɗan aiken. Ko Allah Ya tsare shi daga hannun jama'a, shingen farko a hanyar Kaduna zai tsaya yana rantse-rantse, ke kuma da kike da gaskiya kin zama wadda ta sa a ɗauke motar wani.

Tayin da ya yi na mayar da takardu da sunanki, ban ce da mugun nufi ya yi ba, amma kar ki karɓa a yadda ya kawo shi. Motar jingina ce. Da alama asalin takardun ma suna hannun banki, kuma wataƙila sun shigar da ita rajistar jinginar kadarori ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Banki, wadda dokar 2017 ta tsaya mata. Canza suna ko sayarwa a bayan idonsu zai iya jawo muku zargin ha'inci ku biyun. Sannan ki dubi abin da sunan zai ɗora miki. A yanzu da kike mai tsayawa kawai, in direban nan ya buge mutum a Abuja, ko aka yi ɓarna da motar, ba ruwanki, kuɗin banki kaɗai ke wuyanki. Ranar da sunanki ya hau shaidar mallaka, lambar motar ke za ta nuna, ƙofarki za a fara ƙwanƙwasawa, kuma in ya tabbata direban a madadin mai mota yake aiki, ana iya haɗawa da ke a neman diyya. Ga bashi, ga alhakin motar da ba ki san wanda ke tuƙa ta ba, makulli kuma yana aljihun wani. Suna a takarda yana da amfani ne in motar ta zo hannunki kuma banki ya amince a rubuce.

Tunda na taɓo direba, ki sa a bincika inshorar motar. Ta dubu 15 da yawancin masu ƙananan motoci ke yanka tun Janairun 2023 ɓarnar da aka yi wa wasu kawai take biya, ba ta biyan motar kanta. Bankuna kan sa a yi cikakkiyar inshora a shekarar farko, amma shekara ta zagayo, an sabunta kuwa? Kuma ta motar gida ce ko ta haya? In aka yi haya da inshorar motar gida, kamfani na iya ƙin biya. Motar nan in ta ƙone ko aka sace ta gobe, bashin yana nan daram, kuma ke za a kira.

Cire sunanki ba ya yiwuwa da ra'ayinki ke kaɗai. Sai bashin ya ƙare, ko banki ya karɓi wani ya maye gurbinki ya ba ki takardar sallama. A bashin da ya yi wata uku ba biya, da wuya su saki mai albashi. Don haka hanyar fitarki ita ce motar ta koma kuɗi, ko ta hanyar aiki ko ta hanyar sayarwa, kuma da wuri.

A nan ne zan sa ki yi abin da kike gudu: ki gaya wa maigidanki, a makon nan. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Zai ji zafi an yi ba da saninsa ba, kuma yana da gaskiya, ki ba shi haƙuri ba tare da kin jingina laifin ga Hajiya ba. Amma ya ji daga bakinki ya fi ya ji daga ma'aikacin banki a ƙofar gida, ko ya ga albashi bai shigo ba ya fara tambaya. Bayan haka kina buƙatar namiji babba a gefenki ranar zama.

Hajiya kuma ki bi ta a hankali. Tsoro take ji kar ɗanta ya tozarta, ba ƙin ki take ba, kuma mai yiwuwa a tunaninta tsaya wa mutum bai wuce a ce an san shi ba. Ki zauna kusa da ita ki karanta mata lissafin a fili: ga abin da ake bi, ga albashina, ga abin da zai faru da jikokinki in aka fara cira. Ki ce mata rufin asirin da take nema shi kike nema, kuma shiru ne zai kai maganar kotu inda kowa zai ji.

Ƙaninki ma ki saurare shi kafin ki yanke masa hukunci. Wanda ya biya wata 10 a jere ba da niyyar gudu ya shiga ba. Dubu 350 a wata daga mota ɗaya, bayan mai da gyara da kason manhaja, lissafi ne mai tsauri tun asali, balle yadda kuɗin mai ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Mai yiwuwa kunya ce ke hana shi ɗaukar wayarki. Sai dai kunya ba ta amsa tambaya ɗaya: direban Abuja yana kawo balas ko ba ya kawowa? In yana kawowa, ina kuɗin wata uku suka shiga? In ba ya kawowa, me motar take yi a hannunsa? A kira zama da kawu ko baffan da yake jin nauyinsa, da maigidanki, a sa masa rana ya dawo da motar Kano kowa ya gan ta da idonsa, a kai ta wajen bakanike a san halin da take ciki.

Daga nan hanya biyu ce mai kyau. In motar lafiya take kuma da gaske yake, ku je banki tare a nemi su tsawaita wa'adi, su rage abin da ake zubawa a wata, su yafe tarar jinkiri. Sukan yarda, domin su ma kuɗin mutane ne a hannunsu, biya a hankali ya fi musu shari'a. Sharaɗinki shi ne balas ya riƙa shiga asusun bashin kai tsaye duk mako ba ta aljihunsa ba, kuma banki ya riƙa turo miki saƙo duk lokacin da aka zuba ko aka fasa. Ni dai, in kin tambaye ni, na fi karkata ga ta biyun: a sayar da motar yanzu da amincewar banki a rubuce, mai saye ya zuba kuɗin bashin a asusunsu kai tsaye, su saki takardu, ragowar ta zama jarin ƙaninki. Motar da aka saya miliyan 9 bara, in ba a ragargaza ta ba, ya kamata ta rufe abin da bai kai miliyan 5 ba har a sami canji. Amma kowane wata a hannun direban haya darajarta sauka take, tara kuma hawa take. In aka bari banki ya kama ta ya yi gwanjo, za ta tafi a arha, a cire kuɗin kamu da na ajiya, in bai isa ba cikon a kanki.

In ya zama dole ki zuba wani abu don a tsayar da wuta, kar ki miƙa wa ƙaninki a hannu, kuma kar ki ciwo bashin manhajar waya don ki biya wannan. Ki tura daga asusunki zuwa asusun bashin, ki rubuta dalili, ki adana rasit. Ku kuma rubuta takarda a gida, da shaidu biyu, cewa duk abin da kika biya bashi ne a kansa kuma za a fara cire miki daga kuɗin motar. In Hajiya ta ce ai 'yan'uwa ba sa haka, ki tuna mata aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Doka ma tana bayanki: duk abin da mai tsayawa ya biya yana da haƙƙin karɓa daga mai bashin, kuma in ya biya duka, jinginar da ke hannun banki shi ya cancanci ta koma wa. Ta wannan hanyar ce kaɗai motar za ta iya zama taki da tsabta, da takardar sallama daga banki, da yarjejeniyar ciniki, da rantsuwar kotu, sannan a je ofishin lasin a canza suna. In an rufe bashin, ki karɓi cak ɗinki biyu a hannu, ki kuma nemi rahotonki daga ɗaya cikin hukumomin tattara bayanan bashi, irin su CRC ko FirstCentral, ki tabbatar ba a bar miki tabo ba. Dokar 2017 ta ba ki damar karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara.

In kuwa aka yi zama ya ƙi zuwa, ko ranar da aka sa ta wuce babu mota, akwai Hisbah, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano, inda za a zaunar da ku ba tare da an kai ga shari'a ba. In duk wannan bai yi ba, ki sanar da Hajiya da kawunku tukuna, sannan ki rubuta wa banki cewa kina neman su karɓi motar ta hanyar doka su sayar, ki ba su lambarta da sunan direban da unguwar da aka ce yana kwana, kuma ki nemi a sanar da ke ranar sayarwa da farashin da aka samu.